Jegon Auta da Tururuwar New York

Tun ranar da na dawo, duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa tambayarta ɗaya ce: "Malama, yaya Amurka?" Sai in ce lafiya lau, in miƙa mata ɗan turare, in kawo wata maganar. Jiya a gidan biki Hajiya Larai, wadda muka koyar tare a firamare shekara da shekaru, ta tsare ni a gaban mata, wai na je na ga duniya na dawo ina rowar labari. Ba rowa ba ce. Raina ne a ɓace, kuma in na fara ba na iya tsayawa. Amma tunda kun nace, ga shi na rubuta, kowa ta karanta ta ƙyale ni.

Kun san Rukayya, autata. Ita ce ta yi karatun ƙwari har ta zama dakta, ta samu aikin bincike a wata jami'a a New York, mijinta Mukhtar ya bi ta. Da cikinta ya tsufa sai suka ce in zo in zauna mata jego, tunda ba ta da kowa a can. Kafin in je ofishin jakadancin Amurka a Abuja neman biza, Mukhtar ya kira ni ya yi ta kwana-kwana, har dai ya fito da maganar.

"Mama, don Allah in sun tambaye ki, kada ki ce reno za ki je. Ki ce ziyara."

Na ce, "To me za ni yi in ba reno ba?"

Ya ce, "A wajensu reno aiki ne. In kika faɗa za su ce aiki za ki je nema, su hana ki."

Nan raina ya fara ɓaci, tun ban taka ƙasar ba. Uwa ta je ta dafa wa 'yarta ruwan wanka, shi ne neman aiki? Na je, na tsaya a bayan gilashi kamar mai karɓar magani, wani saurayi da bai kai ɗana na biyu ba ya yi ta jujjuya fasfo ɗina. Na ce 'yata zan je gani. Ba ƙarya na yi ba. Suka ba ni.

Daga Funtua zuwa Abuja babu abin faɗa sai ramuka. Jirgi ya ɗauke mu ya sauke mu a wata ƙasar Larabawa, muka yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura, sannan wani ya ɗauke mu. Wanda ke kusa da ni ya yi ta barci a kafaɗata, na yi ta ture shi. Abincin da suka kawo, shinkafa ce fara fat da wani abu kore a gefe, ban san kansa ba, na sha shayi na haƙura.

A filin jirgin New York ne aka yi mini cin mutuncin farko. Ina tsaye ina jiran kaya sai wata jami'a ta zo da ɗan kare mai dogayen kunnuwa. Ya shinshina jakata, ya zauna a kanta daram. Jakar da sallayata ke ciki! Suka kai ni gefe suka zazzage komai a kan tebur. Akwai garin gero, da kanwa, da yajin jego da na daka da hannuna, da daddawa, da kilishi, da busasshen ganyen darbejiya na wanka. Kilishi suka fara jefawa a kwandon shara, ko kallona ba su yi ba. Kanwa kuwa har mutum uku suka taru a kanta, wani ya sa safar hannu yana gutsurawa yana kallona ta ƙasan ido. Na ce masa da Turanci, ni malamar makaranta ce, abin da ke hannunsa kunu ake damawa da shi. Da ƙyar suka bar mini ita. Ganyen darbejiya suka ce sam, wai ƙila da ƙwari a jikinsa, zai ɓata musu gonaki. Na ce ganyen da ƙwari ke gudu? Matar ta yi murmushi ta ce ta fahimce ni, ta kuma jefa shi a shara. Wannan murmushin nasu, za ku sake jin labarinsa.

Mukhtar ne ya tarye ni, shi kaɗai, idanunsa jajur. Ashe ina cikin jirgi haihuwa ta taso, ta gagara, aka yi wa Auta tiyata aka ciro 'ya mace. Daga filin jirgi asibiti muka wuce. Na same ta kwance ta yi fari, an miƙa mata kofi cike da ƙanƙara wai ta tsotsa. Mai jego da ƙanƙara! Na karɓe kofin na ajiye a bayan labule.

Ba ta daɗe ba suka sallame ta. Gidansu a wata unguwa yake da ake kira Parkchester, dogayen benaye na jan bulo, duk iri ɗaya, ko wanne ka shiga sai ka rantse naka ne. Ciki da falo ne da ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya juyawa. Ni a falo nake kwana. Ku dubi wannan: ni da surukina, banɗaki ɗaya, ƙofa tana kallon ƙofa. Da safe in buɗe ido in gan shi da gajeren wando yana wanke kwanoni, shi ya rasa inda zai sa kansa, ni na rasa inda zan sa nawa. Yaron kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Gidan ne ba a gina shi don masu kunya ba.

Washegari na ce bari in turara ɗakin mai jego. Na ɗora ɗan gawayi a kan murhu, na zuba turaren wuta. Ban ankara ba wani abu a rufin ɗaki ya ɗauki ihu kamar ana yanka shi. Jaririya ta tsala kuka, Auta tana daga kwance tana cewa in buɗe taga, ni kuma na rasa yadda ake buɗewa. Sai ga bugun ƙofa. Wata doguwar mata ce baƙa, da ɗankwali da rigar masu aikin jinya. Ta wuce ni, ta ɗauki tawul ta yi ta fifita abin har ya yi shiru, sannan ta juyo.

"Ei, Hajiya! Kai ne maman Rukayya? Ka zo lafiya? Nan ba a sa turare da wuta o, za su kira mana 'yan kwana-kwana."

Na ce a raina, wannan wace ce take ce mini kai? Ashe Hajiya Fati ce, maƙwabciyarsu, 'yar zangon Kumasi, kuma su Hausarsu haka take, mace da namiji duk kai ne. Aikinta kula da wata tsohuwar Baturiya a gidanta. Kafin in bar ƙasar nan ba ni da aminiya kamarta. Ita ta kai ni wani shagon 'yan Afirka inda na samu gero da tsamiya da kuka, ita ta koya mini hawa jirgin ƙasa mai lamba shida da ke bi ta saman gada.

Suna ma ba a yi ranar bakwai ba, aka jira Asabar saboda kowa yana wajen aiki. A ƙarƙashin wani masallaci aka yi. Ragon ban gan shi da rai ba, a kwali ya iso, an yayyanka shi. Mutane sun zo, ba laifi, Kanawa da 'yan Nijar da 'yan Gana, wajen godiya wani yana cewa merci wani yana cewa medase, yara kuwa ka yi musu Hausa su amsa maka da Turanci. Aka sa wa yarinya sunana, muna kiran ta Mami. Kafin la'asar kowa ya watse.

Wankan jego dai da ma likita ya hana saboda ɗinki. Na haƙura da gasa mata jiki da tawul, da kunun kanwa, da farfesu. Ina ganin ta fara dawowa hayyacinta.

Wata safiya, ko sati uku ba a yi da haihuwa ba, na fito da kunu a hannu sai na gan ta tsaye a bakin ƙofa. Ta sa doguwar riga da takalmi, ta rataya jaka, tana dafe da bango.

Na ce, "Asibiti za ki koma?"

Ta ce, "Lab za ni, Mama, ɗakin bincikenmu. Ba zan daɗe ba. Na tatsa mata nono yana firij."

Na ajiye kunun. Na ce, "Maimaita."

Ta zauna a hannun kujera ta yi mini bayani, tana magana a hankali kamar ni ce marar lafiyar. A ƙasashen kudancin Amurka, in ji ta, akwai wata tururuwa mai yankan ganye. Takan auka wa gonar rogo ko ta lemo, kafin manomi ya farga ta bar masa itace tsirara. Maganin da ake zuba mata guba ce mai ƙarfi, tana kashe tururuwar, ta kashe ƙudan zuma, ruwan sama ya wanke saura zuwa rafi. Ita Auta wata ƙwayar cuta ta bakteriya take renon ta, wadda ƙwari kawai take kashewa. Tana cuɗa ta da garin ɓawon lemo, ta ba tururuwar, su da kansu su ɗauka su kai cikin gidansu.

Na ce, "Duk na ji. Tururuwar ba za ta iya jira ki yi arba'in ba?"

"Mama, takardar izinin shigo da su ce ta yi latti, shi ya sa gwajin ya faɗo daidai da haihuwa. An riga an fara ba su. In na tsaya yanzu komai ya lalace."

Na ce, "Au, izini aka ba su? Ni an zubar mini da darbejiya wai ƙila da ƙwaro a ciki, su kuma an yi musu takarda an ɗauko su a jirgi?"

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta taɓa ɗinkin, ta runtse ido. Duk da haka ta tashi ta fita. Na leƙa ta taga ina kallon ta tana tafiya a duƙe, kamar tsohuwa, ga iska mai sanyi tana kaɗa mata riga.

Da Mukhtar ya dawo na ajiye kunya a gefe na tare shi. Na ce, "Kai ne mijinta. Da yawunka take fita?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, na yi magana har na gaji. Kuɗin binciken ƙarshen bazara zai ƙare. In babu sakamako ba za su sabunta ba. Kuma takardun zamanmu, nata da nawa, duk a jikin aikin nan suke rataye."

Haka aka yi ta yi. Ba zan daɗe ba ta zama wuni guda. Ta fita da safe, ta dawo bayan magariba da kwalaben nono a jakar ƙanƙara, ƙafafu a kumbure. Na tambaye ta a ina take tatsa, ta ce a wani ɗan ɗaki da ake ajiye kwalaye. Ni kuma ina gida da Mami, ina ɗumama nonon uwarta a ruwan zafi, ina ba ta a roba, uwar tana can tana ciyar da ƙwari. Abin da zai ba ku haushi, har ni aka sa a aikin. Ganin tana dawowa a gajiye ta zauna ɓare lemo, sai na karɓa. Ni ke ɓarewa, in shanya ɓawon a kan abin ɗumama ɗaki, in niƙa mata. Ina yi ina tsine wa tururuwa.

Abin da nake tsoro shi ya faru. Wata ranar Laraba ta dawo da wuri tana rawar sanyi. Na taɓa goshinta kamar garwashi. Na ɗaga rigarta, gefen ɗinkin ya kumbura ya yi ja yana ruwa. Mukhtar ya kwashe ta sai asibiti, suka ba ta gado, suka ce ciwon ya ruɓe daga ciki, da an ƙara jinkiri da ya shiga jini. Tana kwance da ƙarin ruwa a hannu, abin da ta fara tambaya shi ne wayarta, wai za ta gaya wa abokan aikinta yadda za su auna abincin tururuwa.

Na miƙa mata wayar na fita. Washegari na bar Mami a hannun ubanta, na buga wa Hajiya Fati ƙofa. Na ce ta raka ni wajen aikin Auta, ina so in ga wadda ke ba ta umarni.

"Hajiya, faɗa za ka yi?"

Na ce, "Gaisuwa zan yi."

Ta dube ni ta ce, "Wannan fuska ba na gaisuwa ba ne." Amma ta ɗauko mayafinta.

Jirgin ya cika maƙil. Wani ƙato ya baje ƙafafu ya ci kujera biyu, yana kallona da furfurata ina lilo a jikin ƙarfe, bai ko motsa ba. Hajiya Fati ta daka masa tsawa da Turanci, ya matsa yana gunaguni. Daga saman gada jirgin ya nutse ƙarƙashin ƙasa, ga wari, ga ɓeraye manya suna yawo a kan dogo ba mai kallonsu. Muka fito a tsakiyar birni, inda sai ka ɗaga kai har wuyanka ya yi ciwo kafin ka ga sama.

A ƙofar ginin mai gadi ya tsare mu, ya yi waya. Can sai ga shugabar tasu, wata Farfesa, ta sauko da kanta. Na zaci zan ga wata mai gadara. Sai na ga 'yar siririyar dattijuwa da wandon jins da furfura, ta kama hannuna da hannu biyu tana tambayar jikin Rukayya. Ta ce mu hau in ga aikin 'yata.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi mamaki. Ɗaki ne mai ɗumi da laima, kamar Funtua a tsakiyar damina. An jera akwatunan gilashi, an haɗa su da bututu. Cikin bututun ga tururuwa jajaye a layi, kowacce ta ɗago yankin ganye sama da kanta, ya fi ta girma, suna tafe ba tsayawa. Farfesar ta ce ba ganyen suke ci ba. Tauna shi suke yi su shimfiɗa, wata irin fumfuna ta tsiro a kai, ita ce abincinsu. Wato noma suke yi. Ta nuna mini gonar, wani abu fari-fari kamar soso. Ta nuna mini sarauniyarsu, ƙatuwa kamar babban yatsana, tana kwance a tsakiya, ƙanana sun kewaye ta suna lasar ta suna kai mata abinci a baki, ita ba ta komai sai haihuwa.

Hajiya Fati ta ce, "Ei! Wannan ya fi mu jin daɗi paa."

Ni ban yi dariya ba. Na juya na ce wa Farfesar, "Wannan da ta haihu, ko motsi ba ku bari ta yi. 'Yata da aka tsaga wa ciki, ita ce kuka ga ya dace ta hau jirgi ta zo ta yi mata hidima?"

Fuskarta ta canza. Ta ce ba ta taɓa cewa Rukayya ta dawo ba. Ta ce ta gaya mata tana iya ɗaukar hutu, sai dai kuɗin binciken bai tanadi albashin hutun haihuwa ba, kuma masu ba da kuɗin ba sa ɗaga ranar rufewa. Ta ce, "Zaɓinta ne."

Na ce, "In ta zauna a gida, aikin zai jira ta?"

Ta ce sai dai a ba wani ya ƙarasa.

"Sunan wa zai hau kai?"

Ta mayar da idonta kan akwatunan gilashin.

"Takardun zamansu fa?"

Ta ce wannan ba a hannunta yake ba.

Na ce, "To ina zaɓin? Kun tsayar da yarinya a bakin rami kun ce ta zaɓi inda za ta sa ƙafa."

Sai ta yi wannan murmushin nasu, ta ce ta fahimce ni ƙwarai. Ta ce ita ma da ta haifi ɗanta, ko sati biyu ba ta yi ba ta koma aiki, kuma a lokacinsu ko ɗakin tatsar nono babu.

Na ce, "An yi miki wannan, kin san zafinsa, yau kina da ikon hanawa, sai kika mayar da shi labarin jarumta kina ba wa na baya? Ni shekara talatin ina shugabantar makaranta a garin da ko ruwan famfo ba mu da shi. Malama ta haihu, mu raba ajinta a tsakaninmu har ta yi arba'in ta ƙara, ba mai taɓa mata matsayi. Ku da kuke da injin ɗumama ɗakin tururuwa, kun kasa?"

Idanunta sun kawo ruwa, ban san ko na kunya ba ne ko na tuna nata. Hajiya Fati ta ja mayafina muka fita.

Na zaci na gama faɗa. Ashe babban yana asibiti yana jirana. Kafin mu isa labari ya riga mu. Auta tana zaune a kan gado, fuska a haɗe.

"Mama, me ya kai ki? A nan ba a yin haka. Kin sa ana kallona kamar yarinyar da uwarta ta kai ƙara makaranta."

Na ce, "Ƙarar na kai. Sun kusa kashe mini ke."

Ta ce, "Ba su ba ne." Ta ɗago ta dube ni. "Mama, ko da babu maganar biza, da zan je. Shekara huɗu ina neman ƙwayar nan. Na je gonakin mutanen da idona, na ga wata mata tana zuba guba da hannu ba safa, da goyo a bayanta. Kin manta yadda ake feshi a gonakin gida? In wannan ya yi aiki a kan tururuwa, gobe ana iya gwada shi a kan gara. Aikina ne. Ba na so wani ya ƙarasa mini."

Wallahi da ta ce tilasta ta aka yi, da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Ita matar da kika gani da goyo, aƙalla ɗanta yana bayanta. Naki yana ina?"

Ta juya fuska bango ta yi kuka. Ni ma na fita baranda na yi nawa.

Bayan an sallame ta, Farfesar ta aiko cewa ta zauna gida sati uku, abokan aikinta za su riƙa aunawa suna turo mata, sunanta kuma yana nan a gaba. Ashe ana iyawa. Sai da ciki ya ruɓe aka gano ana iyawa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Kuna so ku ji yadda ta ƙare da tururuwa? Gida uku aka ba wa abincin. Biyu suka kwashe suka kai ciki, bayan 'yan makonni gonarsu ta yi baƙi, suka mutu har sarauniya. Na ukun kuwa suka ɗauka da farko, daga baya suka gane. Suka riƙa kwaso garin lemon suna kai shi juji, don har juji gare su, kuma ko tsarkakakken ɓawo aka ba su ba sa ƙara taɓawa. Auta ta ce wannan ma sakamako ne. Masu kuɗi suka ƙara mata shekara guda ta gano yadda aka yi suka gane. Mukhtar ya sayo kaza aka yi murna. Ni na ci, amma ban yi murna ba, don na san ma'anar shekara guda.

Zamana ya zo ƙarshe, izinin da suka buga mini ya kusa cika. Ina haɗa kaya da hantsi sai Auta ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da rabonta da yi tun tana sakandare. Mukhtar ya tsaya a bakin kicin.

"Mama, mun yi shawara. Ki tafi da Mami."

Na ce, "In tafi da ita ina?"

"Gida. Shekara ɗaya kawai. Mun yi mata fasfo. Gidan reno a nan, ɗaki ɗaya jarirai da yawa, masu kula biyu. A wajenki za ta fi samun gata. Mutane da yawa haka suke yi, ki tambayi Hajiya Fati."

Ba sai na tambaya ba. Hajiya Fati ta taɓa ba ni labarin ɗanta da ta aika Kumasi yana jariri, ya dawo yana da shekara shida yana kiran ta anti.

Ku sani, ina son yarinyar nan. Wata biyar a ƙirjina take barci. Gidana tun rasuwar Alhaji shiru yake. Da na ce to, da yanzu tana nan tana rarrafe a tsakar gidana. Na dubi Auta na ce, "Ba zan ɗauka ba."

"Mama..."

"Sun karɓe miki jego, sun karɓe miki arba'in, na yi shiru ina niƙa ɓawon lemo. Yanzu kina so in sa hannuna in cire ta daga nono don kada aikinsu ya tsaya? Ki koma ki gaya musu kina da 'ya. Ki tashi aiki da la'asar. In tururuwa ba za ta jira ba, ta mutu da kanta."

Ta tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Har ranar tafiyata, daga gaisuwa sai gaisuwa. Hajiya Fati ce ta ce za ta sauya lokacin aikinta ta riƙe Mami kwana biyu a mako, sauran a kai ta gidan reno.

Dukansu suka raka ni filin jirgi. Da muka isa inda 'yan rakiya ke tsayawa, Auta ta miƙo mini Mami. Na rungume ta, ta kama ɗankunnena tana ja. Na daɗe ban sake ta ba. Auta ta matso ta ce a hankali, "Fasfo ɗinta yana jakata, Mama. Har yanzu ba a makara ba."

Na sumbaci yarinyar na miƙa mata abarta.

"Kin san Litinin zan kai ta gidan reno?"

Na ce, "Na sani."

"Kuma kin ƙi."

Na ce, "Na ƙi."

Na shiga layi. Aka sa ni na cire takalmi, aka lalube mini ɗankwali. Da na tsallake na waiwaya. Mami ta gane ba na nan, tana ta tsala ihu, Mukhtar yana jijjiga ta ta ƙi shiru. Sai na ga Auta ta zare mayafinta, ta duƙa a tsakiyar mutane, masu jakunkuna suna kauce mata suna harara, ta ce wa mijinta ya ɗora mata ita a baya. Ta ɗaure ta tamau, ta miƙe, ta juya mini baya ta nufi ƙofa tana ɗan rausaya. Ba ta waiwayo ba. Kafin su kai ƙofar na daina jin kukan.